Muryar Malam, Fangali Bayan Fangali

Mahaifinmu ya yi shekaru masu yawa yana tafsiri a zauren gidanmu a Wurno, kowane azumi, daga bayan la'asar zuwa dab da shan ruwa. Maza su cika zaure har waje, wasu a kan tabarma, wasu a kan takalmansu. Inna kuwa, mahaifiyarmu, ba ta taɓa ganinsa yana tafsirin nan da idonta ba. Wurinta yana bayan bangon zaure ta cikin gida, inda take shimfiɗa tabarma ta jingina, tana yankan albasa ko tsinar shinkafa, murya tana zuwar mata ta saman katanga. Shi ya sa da Allah ya karɓi ransa muka fara kunna tafsirinsa a lasifika duk azumi, mu maza mun san bambanci, don muna ganin buzunsa babu kowa a kai. Ita babu abin da ya canja mata. Da an yi la'asar za ta ɗauki faifanta na tsinar shinkafa ta je ta zauna, Malam ya yi gyaran murya ya fara. Wata guda a kowace shekara mijinta yana gida.

Asalin tafsirin a kaset yake. Wani ɗalibinsa ne ya riƙa ɗauka da rediyo shekara da shekaru, har kasakasai suka cika kwali. Lokacin da nake karatu a Sakkwato na kwashi kwalin na je aka juye mini su duka a cikin faifan ajiya na kwamfuta, wani ɗan baƙin abu mai igiya, bai fi sabulun wanki girma ba. Kasakasan suka koma hannun mai su a Rimawa, kuma shekarar ambaliya ruwa ya cinye ɗakin da suke ciki, ko guda ba a tsira da shi ba. Akwai guntu-guntu a wayoyin mutane, wannan sura ɗaya, wancan rabin sura, amma cikakke daga farko har khatma babu shi a duniya sai a cikin ɗan baƙin abin nan.

Yayana ne ya kayar da shi. Shi ne babba a gidan, manomin albasa ne na ji da gani, mutum mai kyauta, kuma bai taɓa yarda cewa akwai abin da ba ya jure wahala ba. Surukinsa na Rabah ya roƙi a juya masa tafsirin, sai ya zura faifan a aljihun gaba ya hau babur. A wani rami babur ya yi tsalle, faifai ya yi nasa. Ya tsaya ya ɗauka, ya hure ƙasar, ya goge da hannun riga, ya ci gaba da tafiya hankali kwance. Da ya dawo na haɗa shi da kwamfutata, sai na ji yana wani ƙas-ƙas a ciki, ya yi shiru, ya sake. Ko sura ɗaya ta ƙi buɗuwa. Muna cikin Sha'aban a lokacin.

Ina da zuciya, kowa a gidanmu ya sani, kuma ranar ta tashi. Amma yaya yaya ne, sai na fita bayan gida na zagi ramin hanya, na zagi babur, na zagi wanda ya ɗinka aljihun. Da na dawo na tarar labari ya riga ni shiga wurin Inna. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ba ta kiran sunan Yaya saboda ɗan fari ne, sai ta ce da ni, "An ce wancan ya yadda Malam bisa hanya." Sannan ta ce, "Bana ke nan ba tahsiri?" Na ce mata akwai, in sha Allahu. Na faɗa ne kawai, ban san ta inda zai fito ba, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai.

Ina da aboki a Goronyo da muka yi makaranta tare, ɗan gidan maƙera ne, ya bar uwar maƙera ya koma gyaran waya da kwamfuta. Washegari na kai masa. Ya kara faifan a kunne, ya ɓata fuska, ya ce allurar da ke karanta abin cikin ta ji rauni, amma tana motsi. Ya ce akwai manhajar da ke lallaɓa irin wannan faifai, ta riƙa kwaso abin da ke ciki kaɗan-kaɗan tana zubawa a sabo. Sai dai aikin yana son wuta ba yankewa, shagonsa kuwa rufin kwano ne, da rana ko mutum dahuwa yake. Gidanmu akwai sola a sashen Yaya, zaurenmu kuma ginin ƙasa ne mai sanyi. Ya biyo ni Wurno da sabon faifai, muka jawo waya daga ɗakin Yaya zuwa zaure, ya haɗa komai a kan ɗan teburin Malam, ya sa ƙaramar fanka tana hura tsohon faifan, ya danna.

Kafin ya hau babur ya ce, "Abu ukku nika roƙo. Kar a kashe shi, kar a girgiza shi, kar shi yi zahi. Abin da ankak kwaso ya tsira, shina cikin sabo. Amma tsohon ga, in ya kwanta, ban da tabbas shi sake tashi." Ya yi mini bayanin abin da ke kan allon da sauri, rabi Hausa rabi Turanci, ina gyaɗa kai don kada a ce ni malamin makaranta ban gane ba. Yana tafiya komai ya zube daga kaina.

Ga abin da ya bar mu da shi. A saman allo akwai lambobi suna ta canjawa: ɗaya tana nuna kashi nawa cikin ɗari aka kwaso, ɗaya tana nuna saurin aikin a yanzu, ɗaya tana ƙirga wuraren da aka ci karo da matsala, ta ƙarshe kuma tana faɗin lokacin da ya rage. A ƙasa akwai ƙananan murabba'ai jere-jere sun cika allo, duk ruwan toka. Daga kusurwar sama suka fara komawa kore ɗaya bayan ɗaya. Da farko abin gwanin daɗi, kore yana gudu, lokacin da ya rage yana cewa 'yan awoyi ne. Yaya ya tsaya a kaina yana murmushi, har ya ce ai ya san faɗuwa ɗaya ba ta kashe ƙarfe.

Bayan azahar abin ya sauya. Kore ya tsaya, faifai ya yi ƙas-ƙas ɗinsa, murabba'i ɗaya ya koma rawaya. Sai na ga an tsallake wani babban yanki an bar shi ruwan toka, an koma can gaba ana kore. Aka sake yin rawaya, aka sake tsallakewa. Lambar sauri ta riƙa faɗowa har ta kai babu, ta daɗe a nan, sannan ta ɗan motsa. Lokacin da ya rage ya tashi daga awoyi ya koma kwanaki, ya koma watanni. Washegari da hantsi na duba na ga ya rubuta shekara uku da wani abu. Na karanta wa Yaya da bakina, kuma ina gama faɗa na so a ce na haɗiye.

Ya ce, "Shekara ukku! Azumi ga shi bisa kai. Kai, injin ga iska yas sha."

Duk wanda ya yi noman rani a fadamar Rima ya san wannan magana. Injin ban ruwa in ya ja iska a maimakon ruwa, za ka ji yana ta ƙara amma bakin tiyo a bushe. Maganinsa ɗaya ne tun da aka fara kawo injuna yankin nan: ka kashe, ka cika shi da ruwa, ka ɗan bubbuga jikinsa, ka ja igiya. Da hannu Yaya ya san wannan, ba da kai ba. Ga ƙara yana ji, ga lamba ta ce babu abin da ke fita. Ga kuma rawaya tana yaɗuwa, shi kuwa a wurinsa rawaya a cikin kore ciwo ne, ganyen albasa ne ya fara ƙonewa. Na tuna masa abin da mai gyara ya ce. Ya ce mai gyara yaro ne, bai taɓa tayar da inji a cikin sanyin fadama ba. Da ƙyar na samu ya yarda a bar shi zuwa la'asar. Na kira abokina, wayarsa a kashe, ashe ya tafi ɗaurin aure wani ƙauye bayan Boyekai inda babu sabis.

Ranar nan ranar ban ruwana ce, ni ma ina da 'yar gonar albasa a ƙasan gari, ba ta kai ta Yaya ba ko kusa. Ban so tafiya ba, amma albasa ta fara lanƙwasa. Na kulle zaure na sa mabuɗi a aljihu, na manta cewa makunnin solar yana ɗakin Yaya. Na tayar da inji, ruwa ya biyo hanya, na kama fartanya ina buɗe fangali ɗaya bayan ɗaya, wato 'yan gadajen nan masu kewayen ƙasa da ake shuka a ciki. Wannan ya cika in toshe, in buɗe na gaba. Jikina yana aiki, hankalina yana zaure.

Akwai wani yanki a tsakiyar gonata da ƙasar ta yi tudu. Na buɗe fangalin farko na wurin, ruwa ya leƙa ya tsaya a baki. Ban ko yi tunani ba na toshe, na kafa ɗan kara a gefensa don in gane shi, na tsallake duka layin na wuce gaba inda ƙasa take kwance. Haka nake yi kullum, haka Yaya ya koya mini tun ina yaro. Ba a tsayawa kan tudu ana ƙona mai alhali sauran gona tana jin ƙishi. Sai ka shayar da duk mai sauƙi, sannan ka juyo daga ƙarshe ka biyo baya, ka ga ko ruwa zai shiga tudun ta ɗaya gefen. Wanda ya ƙi, a ƙarshe ka zo da bakin fartanya kana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan kana jawo masa ruwa. Na yi taku biyu daga wurin karan, sai na tsaya cak, ruwa yana bin ƙafata.

Abin da ke kan allon ke nan, babu ragi. Ruwan toka fangalin da ba a kai gare shi ba. Kore wanda ya sha. Rawaya ba ƙonewa ba ce, karan nan ne da na kafa, alamar za a dawo. Shekara ukun nan kuma na ga inda ta fito. Da wani zai same ni a bakin tudun nan ina fama, ya dubi yadda ruwa ke rarrafe, ya lissafa sauran gona da wannan tafiya, ai zai ce sai baɗi zan gama. Lambar ba ƙarya take ba, wauta ce da ita, duk inda ta tsaya da nan take auna sauran aiki. Na yi dariya ni kaɗai a tsakiyar gona, har maƙwabcina ya ɗago kai. Ana cikin haka na tuna inda makunnin solar yake, Yaya zai iya kashe wuta ko da zaure yana kulle. Na kashe inji na bar rabin gona, na hau babur ko ƙafa ban wanke ba.

Na tarar da zaure a buɗe, ashe akwai wani mabuɗi a wurin Inna. Yaya yana tsugune gaban tebur, ya naɗe hannun riga, hannunsa ɗaya a kan igiyar faifan. Dattawa biyu daga cikin masu zuwa tafsiri suna tsaye suna ba shi ƙarfin gwiwa, ɗaya yana cewa shi ma rediyonsa sai ya mare shi yake magana.

Na yi ihu tun daga ƙofa. "Yaya, don Allah ɗauke hannunka!"

A gidanmu ba a ɗaga wa babba murya, balle a gaban baƙi. Ya juyo a hankali ya dube ni daga laka har fuska, ya ce, "Ni kaka yi ma tsawa?"

Na durƙusa a gefensa, na ce, "Yi haƙuri, Yaya. Tambaya guda za ni yi maka. In kana ban ruwa kac cim ma hwangalin da yay yi tudu, mi kaka yi?"

"Wace irin tambaya ta wagga? In wuce shi mana."

"Ka bar shi ke nan?"

"In bar shi don mi? In na ƙare in komo mashi ta baya."

Na nuna masa rawayar da yatsa, ban taɓa allon ba. Na ce ga tudun, ga karan da aka kafa. Na nuna masa can ƙasa inda kore yake ci gaba a hankali. Na ce injin bai sha iska ba, ƙasa ce mai tauri yake ratsawa, kuma in muka kashe shi yanzu mai yiwuwa duk wannan ruwan tokar ya tafi da muryar Malam har abada. Ya ce to shekara ukun fa? Na ce ya zuba ido, da zarar an fita daga tudu za ta sauko. Na faɗa da ƙarfi kamar na tabbata, alhali addu'a nake a ciki.

Ya saki igiyar, amma bai tashi ba. Muka zauna mu huɗu muna kallon lamba. Faifai ya yi ƙas-ƙas, ya yi shiru. Sai aka tsallake wani yanki, kore ya kama gudu a sabon layi, lambar sauri ta yi sama, shekara uku ta koma wata biyu, ta koma kwana tara, ta koma awoyi, duk muna kallo. Ɗaya dattijon ya yi kabbara. Yaya ya matso da fuskarsa dab da allo ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wanda yay yi abin ga ya taɓa ban ruwa." Bai ce na yi gaskiya ba, kuma ban jira ya ce ba. Daɗin da na ji ranar ya ishe ni.

Daga ranar aikin ya fita hannuna. Yaya ya kawo buzunsa zaure ya zama mai gadi. Ya hana yara wucewa da gudu, ya hana a buga ƙofa, ya sa aka ɗauke turmi daga bayan bango aka kai can ƙuryar gida don kada daka ta girgiza tebur. Lambar lokaci ya daina kulawa da ita gaba ɗaya, ya sa mata suna maƙaryaciya. Ya fi ni iya karanta murabba'an, don idonsa ya saba da gona. Da kore ya kai ƙarshen allo aikin ya juyo yana tahowa daga ƙasa zuwa sama, shi ya fara gani, ya aiko a kira ni daga makaranta. Na zo a guje ina zaton mutuwa ce, na same shi yana washe baki yana cewa, "Ya komo ta baya! Ban ce maka ba?" Dattawa suka mayar da zaure wurin hira, kowa ya shigo sai ya tambayi yaya gona, a ce masa kore ya ƙaru, ya ce Allah shi ƙara.

Da abokina ya dawo cikin sabis na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari, ya ce haka ne, ya ƙara mini abu biyu. Ya ce in an gama zagaye za a koma kan rawaya ana kankara, wadda ta ba da abin cikinta ta zama kore, wadda ta ƙi ta zama ja, kuma ja ya tafi ke nan. Ya ce kada lambar kashi cikin ɗari ta ruɗe ni. Za ta kai casa'in da tara ta tsaya kamar an dasa ta, ragowar ɗan kaɗan ɗin nan ya fi duk na baya cin lokaci. Abin dubawa shi ne inda jan ya faɗa, don faifan bai cika ba, ja a wurin da babu komai bai ci mana komai ba.

Haka kuwa aka yi. Lamba ta kai casa'in da tara da 'yan kai ta kafe. Rawaya ta riƙa narkewa a hankali, yawanci zuwa kore, jefi-jefi zuwa ja. Inna ba ta taɓa zuwa ta duba ba, amma kullum in na shiga gaishe ta sai ta ce, "Ina labarin Malam?" In ce yana tahowa. Ta ce to.

Ana saura kaɗan a fara duban wata, da hantsi, tsohon faifan ya yi wata ƙara da ba mu taɓa ji ba, ya yi shiru, ɗan hasken jikinsa ya mutu. Rawaya kaɗan ce ta rage a allo. Yaya ya dube ni, na dube shi. Wannan karon ko hannu bai miƙa ba. Abokina ya zo da yamma, ya gwada tayar da shi sau ɗaya, ko motsi. Ya ture shi gefe ya haɗa sabon, ya yi 'yan danne-dannensa, sai ga sunayen surori sun jeru a allo daga sama har ƙasa. Ya taɓa ta farko. Aka ji ƙarar kaset, aka ji wani ya yi tari a cikin taron shekarun baya, sannan Malam ya yi gyaran murya.

Yaya ya tashi ya fita waje da sauri, ya ce wai zai duba batir. Ni kuwa na zauna a ƙasa na yi kuka a gaban abokina, ban ji kunya ba. Daga cikin gida muka ji guɗa, matar Yaya ce, sai muryar Inna tana tsawata mata cewa tafsiri ake ba biki ba. A ranar muka juya shi a faifai uku, ɗaya ya tafi Goronyo, ɗaya Rabah, kuma ni na kai na Rabah da kaina, a naɗe cikin tsumma a cikin jaka.

Saura ja. Yawancinsa ya faɗa inda babu komai, amma abokina ya nuna mini karatu ɗaya da ja ya taɓa, na wajen tsakiyar wata. Na saurara ni kaɗai. Malam yana cikin bayani kan haƙƙin maƙwabci, ya kawo misali da masu gona a fadama, ya ce, "In ruwa sun biyo ta gonakka za su ta maƙwabcinka," sai murya ta ɗauke ɗif. Shiru na ɗan lokaci, kamar a sha ruwa a ajiye kofi, sannan ya dawo a tsakiyar wata jimla. Na nema a wayoyin mutane, babu mai wannan wurin. Ban gaya wa kowa ba. Duk murnar da nake ciki, wannan ɗan ramin ya tsaya mini a rai, don na yi wa Inna alkawarin Malam, kuma ga shi zan kawo mata shi da giɓi.

Azumi ya kama, zaure ya cika kamar kowace shekara, har ya fi, don labari ya zaga gari. Ranar da za a kai wurin, na kunna karatu na bar Yaya a gaban lasifika, na zagaya cikin gida. Na ce in abin ya zo gara ina kusa da Inna in yi mata bayani. Tana wurinta a jikin bango, tana yankan albasa a cikin kwano. Na tsuguna nesa kaɗan kamar mai neman wani abu. Malam ya zo kan masu gona a fadama, ya faɗi rabin maganarsa, murya ta ɗauke. Na ji zaure ya fara motsi, wani yana tambaya ko wuta ce.

Inna ba ta ɗago kai ba, wuƙarta ba ta tsaya ba. A hankali, da irin saukar muryarsa, ta ce, "kar ka tsare su don kana bisa gare shi. Sha gwargwadonka ka buɗe mashi, shi ma ɗiya garai, kuma ruwan ba kai kay yi su ba." Tana rufe baki Malam ya dawo ta saman katanga, ya ɗora daidai inda ta ajiye.

Ta share idonta da bayan hannu, albasa ce ko ba albasa ba ban tambaya ba, sannan ta lura da ni.

Ta ce, "Kai kuma mi kaka yi nan cikin mata? Tashi ka koma zaure, Malam na karatu."